Yadda Ake Kwatanta Marubutan Rasha da na Faransa ta Idon Masu Karatu na Japan

Ɗalibin adabi a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, ko malamin sakandare a Garwa ko Njamena da karatu ya shiga jininsa, yakan san Balzac da Hugo da Zola tun yana aji, domin Faransanci ne harshen makarantarsa, amma Dostoyebski da Tolstoi sai daga baya yake cin karo da su, kuma su ma da Faransanci suke zuwa masa. Idan irin wannan mai karatu ya tashi kwatanta adabin ƙasashen biyu, yakan zama tamkar alƙalin da ya tashi gida ɗaya da ɗaya daga cikin masu shari'a, ko ya so ko bai so ba zuciyarsa ta riga ta karkata. Maganin wannan shi ne a nemo shaida na uku wanda bai haɗa dangi da kowa ba, kuma Japan ta dace da wannan matsayi. Bayan sauyin mulki na 1868 da ya kawo zamanin Meiji, ƙagaggun labaran Rasha da na Faransa sun shiga ƙasar kusan lokaci guda, suka faɗa hannun mutanen da Faransa ba ta taɓa mulka ba, Rasha ma ba ta mulke su ba, don haka kowane littafi da ƙarfin kansa da ƙarfin mai fassara shi ya ci kasuwa.

Da farko a taƙaita fage. Wanda ya ce zai ɗauki adabin Rasha duka ya gwada da na Faransa duka ya ɗauki Dala ba gammo. Marubuta uku daga kowane ɓangare sun isa, kowanne da littafi guda da aka karanta daga bango zuwa bango, ba taƙaitawar da ake tsinta a intanet ba. Daga Rasha a ɗauki Turgenyeb (1818–1883) da Dostoyebski (1821–1881) da Tolstoi (1828–1910). Daga Faransa a ɗauki Hugo (1802–1885) da Zola (1840–1902), na ukun kuwa ya danganta da zamanin da za a duba a Japan: in farkon ƙarni na 20 ne, Alexandre Dumas ya fi dacewa, in kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, Stendhal. Ba don Balzac da Flaubert sun gaza aka bar su ba, sai don sawun waɗannan ya fi sauƙin bi ga mai fara aiki. Sannan a jera shekarun littattafan a shafi ɗaya, domin a gani da ido cewa sa'o'in juna ne: Les Misérables na Hugo da Pères et Fils na Turgenyeb duka a 1862 suka fito, Crime et Châtiment na Dostoyebski a 1866, Les Frères Karamazov nasa aka kammala shi a 1880, shekarar da Zola ya fitar da Nana.

Kafin a ɗora alƙalami, akwai wata magana da ya kamata a ajiye gefe, wato cewa Bafaranshe gwanin salo da tsari ne, Barashe kuwa gwanin tono zuciya da tausayi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari, domin mai nazari yakan rubuta ta a gabatarwa sannan ya ƙare kundinsa yana neman abin da zai tabbatar da ita. Wanda ya fi kowa yaɗa ta Bafaranshe ne, Eugène-Melchior de Vogüé, a littafinsa Le Roman russe na 1886, kuma ya yi haka ne yana faɗa da Zola da almajiransa, waɗanda yake ganin sun cire tausayi da imani daga labari. Ke nan makamin rikicin cikin gida ne na Paris. Su kansu marubutan ba su zauna a sansani biyu ba. Aikin farko da Dostoyebski ya buga, a 1844, fassarar Eugénie Grandet ce ta Balzac. Guerre et Paix na Tolstoi da Faransanci yake buɗewa, a bakin masu sarautar Rasha. Turgenyeb ya yi shekaru masu yawa a Faransa, aminin Flaubert ne, kuma a Bougival kusa da Paris ya rasu. Shi ne ma ya aika wa Flaubert fassarar Guerre et Paix, Flaubert ya yaba ƙwarai amma ya koka cewa marubucin yana maimaita kansa kuma yana yawan falsafa. Duk kwatancin da ya manta da wannan cuɗanya zai fito a tsare, amma ba zai zama gaskiya ba.

Yanzu sai ainihin aikin, wanda a ganina shi ne ya raba nazari da hira. A samu littafin rubutu mai faɗi, a ja masa layi huɗu, kuma game da kowane littafi a amsa tambaya huɗu: wace shekara ya shiga Japananci, wa ya fassara shi, daga wane harshe ya fassara, kuma a ina aka buga shi, a jarida ne ko a mujallar masana ko a littafi mai tsada. Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita, alhali mu da muke karanta Rashawa ta bakin Faransawa ya kamata mu fi kowa lura da ita.

Idan aka cike waɗannan layuka, ga irin abin da ke bayyana. Faransa ta fara shiga ne ta hanyar labarin kasada: a 1878 Kawashima Chūnosuke ya fassara Le Tour du monde en quatre-vingts jours na Jules Verne, littafin da ya dace da ƙasar da ke ɗokin jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ɗan jarida Kuroiwa Ruikō ya riƙa buga labaran Turai kashi-kashi a jaridarsa Yorozu Chōhō. Daga 1901 zuwa 1902 ya kawo Le Comte de Monte-Cristo na Dumas da sunan Gankutsu-ō, wato Sarkin Kogon Dutse, daga 1902 zuwa 1903 kuma ya kawo Les Misérables da sunan Aa Mujō, wato Kaico Rashin Tausayi. Kuroiwa daga fassarar Ingilishi yake aiki, kuma ba fassara kalma bayan kalma yake yi ba, baddalawa yake yi: yana rage abin da zai gundiri mai sayen jarida, yana kuma sauya sunaye, har Edmond Dantès ya koma Dan Tomotarō. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan dabara, domin irinta Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, ya ɗebo labaran wasu ƙasashe ya sa musu suna da gari na Hausa. Abin da ya kamata a rubuta a gefen shafi shi ne cewa Hugo ɗin da talakan Tokyo ya sani a 1903 ba shi ne Hugo ɗin da ake karantawa a ajin ƙarshe na sakandare a Garwa ba.

Rasha kuwa ta wata ƙofa ta shiga. Futabatei Shimei (1864–1909) ya koyi Rashanci a makarantar harsunan waje ta Tokyo, kuma a 1888 ya fassara wani gajeren labari na Turgenyeb daga cikin Mémoires d'un chasseur, ya sa masa suna Aibiki, kai tsaye daga Rashanci. Labarin ba shi da tsawo, yana buɗewa ne da mai ba da labari zaune a cikin kurmi wajen tsakiyar watan Satumba, yayyafi yana sauka yana ɗaukewa, rana tana leƙowa tana ɓoyewa, launin ganye yana sauyawa da kowane sauyin haske. Abin da ya girgiza matasan marubuta shi ne harshen. A lokacin, Japanancin rubutu ya yi nisa da na magana, Futabatei kuwa ya rubuta da harshe mai kusa da na baki, yana ƙoƙarin bin numfashin jimlar Turgenyeb har da inda yake tsayawa. Bayan shekara goma, Kunikida Doppo ya kawo wannan sakin layi a cikin rubutunsa Musashino na 1898, ya ce daga gare shi ya koyi ganin kyawun dajin da ke bayan garin Tokyo. A nan mai nazari zai ga cewa waccan magana ta Vogüé ta fara tangal-tangal, domin kyautar farko da Rasha ta ba Japan salon jimla ce, wato abin da ake cewa na Faransawa ne. Dostoyebski bai samu irin wannan sa'a da wuri ba: Uchida Roan ya fara fitar da Crime et Châtiment a 1892 daga fassarar Ingilishi, kuma bai kai ƙarshen littafin ba. Sai daga baya masana Rashanci irin su Yonekawa Masao suka fassara ayyukansa kai tsaye.

Mataki na gaba shi ne a rarraba masu karatun, domin "Japanawa sun karɓe shi" magana ce da ba ta ɗauke da komai sai an faɗi waɗanne Japanawa. Akwai mai sayen jarida da mai zuwa gidan wasan kwaikwayo, akwai ɗalibai da 'yan gwagwarmaya, akwai kuma marubuta da ke karatu don su koyi sana'a. Tolstoi shi ne misalin da ya fi nuna amfanin wannan rarrabewa, domin ya ratsa duka ukun ta fuskoki daban-daban. Lokacin yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, jaridar 'yan gurguzu Heimin Shimbun ta buga fassarar maƙalarsa ta ƙin yaƙi, wato ɗan ƙasar abokan gaba ya zama murya ga masu adawa da yaƙin a Tokyo. A 1906 marubuci Tokutomi Roka ya yi tattaki har gidansa a Yasnaya Polyana, kamar almajiri ya je gaishe da malami. Mushanokōji Saneatsu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Shirakaba a 1910, bin koyarwar Tolstoi ya kai shi ga kafa ƙauyen noma na haɗin gwiwa, Atarashiki-mura, a lardin Miyazaki a 1918. Talakan gari kuwa ta wasan kwaikwayo ya san shi: a 1914 Shimamura Hōgetsu ya ɗora Résurrection na Tolstoi a dandali, Matsui Sumako ta fito a matsayin Kachusha, waƙar wasan ta cika ƙasa. Kuma wasan ya jingina ne da tsarin da Bafaranshe Henry Bataille ya yi wa labarin, abin da ke sake nuna cewa hanyoyin biyu suna haɗuwa. Babu marubucin Faransa na wancan zamani da aka mayar shehin tarbiyya irin haka. Zola malamin sana'a aka ɗauke shi: Nagai Kafū ya fara rubutu yana bin sawunsa, ya zauna a Lyon da Paris tsakanin 1907 da 1908, littafinsa Furansu monogatari kuma hukuma ta hana shi fita a 1909.

Duk wannan tarihi ne na waje. Nazarin ba ya cika sai an buɗe littattafan an ajiye su gefe da gefe a kan wani fage guda da suka yi tarayya a kai, kuma fagen da na fi ba da shawara ga mai farawa shi ne na tona asirin kai a gaban jama'a. A Les Misérables, Jean Valjean ya riga ya zama magajin gari mai daraja da sunan Madeleine, sai ya ji an kama wani tsoho, Champmathieu, ana cewa shi ne Valjean. Ya kwana yana kokawa da zuciyarsa, ya yi tafiya zuwa kotun Arras, ya miƙe a gaban alƙalai ya ce shi ne mutumin da ake nema. A Crime et Châtiment, Raskolnikob ya kashe tsohuwa mai ba da bashi da ƙanwarta, Soniya, yarinyar da ya tona wa asirinsa, ta ce masa ya je mararraba ya durƙusa ya sumbaci ƙasar da ya ɓata. Ya durƙusa a dandalin kasuwar ciyawa, mutane suka ɗauka a buge yake, kalmar amsa laifin ta maƙale masa a wuya, sai a ofishin 'yan sanda ya furta ta. A Hakai na Shimazaki Tōson, wanda ya fito a 1906, malamin firamare Segawa Ushimatsu ɗan wata al'umma ce da ake ƙyama a Japan saboda asalinta, mahaifinsa ya yi masa wasiyya kada ya taɓa faɗa, shi kuwa a ƙarshe ya durƙusa a gaban ɗalibansa ya faɗa yana neman gafara, sannan ya shirya tafiya Texas a Amurka.

A yi wa kowane fage tambayoyi iri ɗaya. Wa ake yi wa furucin, kotu ce ko Ubangiji ko al'umma? Mene ne laifin? Me furucin ya jawo wa mai yin sa? Valjean ya furta don ya ceci wani, kuma Hugo yana tuhumar doka ne da ta ɗaure mutum shekara goma sha tara a kan abin da ya faro daga satar burodi. Raskolnikob mai laifi ne na gaske, furucinsa matakin farko ne na tuba, tuban ma sai a Siberiya ya fara tsiro. Ushimatsu kuwa bai yi laifin komai ba, haihuwarsa ce kaɗai ake tuhuma, amma shi ne mai neman gafara. Masana sun daɗe suna danganta Hakai da littafin Dostoyebski ta fuskar zubi, kuma ana lissafa shi a matsayin mabuɗin mazhabar Zola a Japan, wato zayyana rayuwa yadda take ba kwaskwarima. Ke nan littafi ɗaya ya sha daga rijiyoyin biyu, ya kuma fitar da abin da babu shi a ko ɗaya. Mai karatu a yankinmu, wanda ya san yadda binciken asali kan tayar da ƙura idan an zo neman aure, zai fahimci nauyin da ke kan Ushimatsu fiye da yadda ɗalibin Paris zai fahimta, kuma bai kamata ya ji kunyar sa wannan fahimta cikin nazarinsa ba. Shekara guda bayan fitowar Hakai, Tayama Katai ya fitar da Futon, inda marubuci ke tona sha'awarsa ga ɗalibarsa, daga nan mazhabar ta juya daga binciken al'umma irin na Germinal zuwa tonon asirin kai, ta haifi abin da Japanawa ke kira shishōsetsu, labarin da marubuci ke yi a kan rayuwarsa.

Bayan an gina hujja, sai a nemo abin da zai rushe ta. Kobayashi Hideo, babban mai sharhin adabi, adabin Faransa ya karanta a jami'ar Tokyo, ya fassara Rimbaud, amma a 1939 tarihin rayuwar Dostoyebski ya fitar. Ōoka Shōhei masanin Stendhal ne kuma mai fassara shi, ya yi soja a Filifin, aka kama shi fursuna, kuma da jimla mai sanyi da ƙididdigewa ya rubuta Nobi, wanda Faransawa suka fassara da Les Feux, a kan yunwa da hauka da neman Ubangiji a fagen yaƙi. Ōe Kenzaburō, wanda ya samu kyautar Nobel a 1994, shi ma daga sashen Faransanci ya fito. Waɗannan sunaye suna hana mai nazari cewa kowane marubucin Japan ya zaɓi gida ɗaya ya zauna.

Zamanin yanzu ba ya buƙatar dogon bayani, amma yana buƙatar hattara da alƙaluma. Sabuwar fassarar Les Frères Karamazov da Kameyama Ikuo ya yi a juzu'i biyar tsakanin 2006 da 2007 ta haura kwafi miliyan ɗaya idan aka haɗa juzu'an, duk da cewa wasu masana Rashanci sun yi mata gyare-gyare masu zafi. Wannan adadi yana nuna saye ne, ba ya nuna yawan waɗanda suka kai juzu'i na biyar. Haka kuma farashi yana da hannu a karɓuwa: tun daga 1926 aka fara sayar da jerin littattafai a kan yen ɗaya kowane juzu'i, a 1927 kuma kamfanin Iwanami ya fara fitar da ƙananan littattafan aljihu masu araha, waɗanda suka kai manyan marubutan Turai ɗakunan ɗalibai. A lissafa fim da zane su ma, domin ta nan da yawa suke fara sanin labarin. Kurosawa Akira ya mayar da L'Idiot na Dostoyebski tsibirin Hokkaido mai dusar ƙanƙara a fim ɗinsa na 1951, Tezuka Osamu ya zana Crime et Châtiment a 1953, wasan waƙa na Les Misérables kuma tun 1987 ake yin sa da Japananci a Tokyo.

Game da samun kayan aiki, littattafan Faransa da tsofaffin fassarorin Rashawa suna nan kyauta a Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, da kuma Wikisource, ana iya sauke su a waya lokacin da intanet ya yi ƙarfi a karanta daga baya. Ɗakunan karatu na jami'o'i, da cibiyoyin al'adun Faransa a Garwa da Njamena, da masu baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, su ne wuraren neman bugun aljihu. Wajen bincike a rubuta sunayen yadda Faransawa ke rubuta su, Dostoïevski da Tolstoï da Tourgueniev, in ba haka ba na'ura ba za ta kawo komai ba. Sannan tambayoyin nan huɗu da aka yi wa fassarar Japananci a yi wa littafin da ke hannu. Wasu tsofaffin fassarorin Faransanci na ƙarni na 19 sun datse Dostoyebski, sun gyara masa jimla don ta dace da kunnen Paris, yayin da André Markowicz, wanda ya sake fassara ƙagaggun labaransa duka ga kamfanin Actes Sud daga 1991 zuwa 2002, ya bar masa maimaici da gargada yadda suke a Rashanci. Duk inda aka kawo jimla daga littafin Rasha ko na Japan a cikin kundi, a rubuta sunan mai fassara da shekarar bugu kusa da ita, kuma idan hujjar a kan salon jimla ta tsaya, a duba wurin a fassara biyu kafin a yanke hukunci.